Maganin Malam Sumana

Sumana Oumarou yana da shekara arba'in da bakwai. Malamin shimi ne, wato ilimin sinadarai, a wata lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati a Yamai, kuma bana ce shekararsa ta ashirin da biyu da alli a hannu. Tun watan Fabrairu an hana shi shiga aji da kwalba, ko da ta ruwan sha ce.

A Yamai aka haife shi, a 1938. Mahaifinsa mai kwalekwale ne, yana ƙetarar da mutane da kaya tun kafin a yi gada. Zabarmanci ya sha a nono, Hausa a kasuwa ya tsince ta, Faransanci kuma a lakwal, wato makarantar boko. Gwamnati ta tura shi karatu Dakar, ya dawo a 1963 aka ba shi aji. Yanzu yana zaune a Kirkissoye da matarsa Aïchatou da ƴaƴa biyar. Kullum da safe yana haye gada a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa. Bana idan ya leƙa ƙasa, rairayi yake gani, da mutane suna taka tsakiyar kogin Isa da ƙafa.

Lokacin da ya fara aiki, ɗakin gwaje-gwajen makarantar yana da famfo huɗu, da kabad mai makulli, da kwalabe masu suna a jiki. Kwalin kayan gwaji na ƙarshe ya iso a 1979. Bayan nan aka ce babu kuɗi, sai kuma fari ya biyo baya. Famfunan suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Yau takardun jarrabawa ne a cikin kabad ɗin.

Malam Sumana bai yarda ya koyar da shimi a kan allo kaɗai ba, don haka ya koma kasuwa. A Boukoki akwai rumfar Buba, wani Bagobiri daga wajen Madawa, mai sayar da kayan wanke-wanke: jabel mai faranta tufafi, da girezil mai kashe ƙwayoyin cuta, da soda, da asid ɗin da ake goge siminti da shi. Buba yana sarowa a jarka, ya ɗura a tsofaffin kwalaben lemo, ya toshe bakinsu da totuwar masara. Babu wadda ke da rubutu a jiki. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa wasa ne tun kaka da kakanni, saboda haka ba sa gaisawa da daɗi.

"Bawana, yau kuma me za ka dafa wa ƴaƴan mutane?"

"Ba ni jabel da asid. Kar kuma ka ba ni wanda ka tsinka da ruwa."

"Ruwa? A garin nan? Wa zai zuba ruwa mai daraja a cikin jabel? Kai dai Bazabarme, ko ya yi boko sai a hankali."

Daga waɗannan kwalabe Malam Sumana ya haɗa wani darasi da babu shi a tsarin karatu. Ɗalibai suna kiransa darasin kwalabe. Dalilinsa, in ji shi, wata rana ce a 1978 da ya je dubiya asibiti, ya ga yara uku a ɗaki ɗaya, dukansu sun sha soda daga kwalbar lemo. Ya ce daga ranar ya san wane darasi ne ɗalibansa suka fi bukata.

Kowace shekara a watan Janairu yakan ce wa ƴan ajin farko kowa ya zo da kwalbar da ake wanke-wanke da ita a gidansu. Ya jera su a kan tebur, ya saka ta ruwa a tsakani, ya ce a nuna masa ita. Ba kasafai ake dacewa ba. Sai ya ɗauke su ɗaya ɗaya: wannan tana cin fata, wannan tana makantarwa, wannan in yaro ya sha kada a sa shi amai, a ruga da shi asibiti. Daga ƙarshe ya fitar da ajin waje, gindin dogon yaro, ya sa kowa ya ja da baya. Ya fito da tulun gilashi mai murfi, da kyankyaso a ciki. Ya ɗiga jabel, ya ɗiga asid, ya rufe. Wani hayaƙi mai ɗorawa-ɗorawa ya taso a cikin tulun. Kyankyason ya yi gudu, ya yi gudu, ya kife.

Yakan ce yara suna manta lissafin da ke kan allo kafin hutu, amma bai taɓa ganin wanda ya manta kyankyason ba. Shekara shida yana yin haka, ba a taɓa samun matsala ba.

Bana ɗalibai sittin da uku ne a ajin. Da kyankyason ya kife, wani daga baya ya ce, "Misye, a yi masa salla?" Aka bushe da dariya. Malam Sumana ya jira dariyar ta lafa.

"Abin da ya kashe shi, shi zai ƙona huhun mutum," ya ce. "Ku je gida ku gaya wa iyayenku mata. Su ne masu taɓa kwalaben nan, ba ni ba. Kada a haɗa waɗannan biyun, ko a kwano, ko a bokiti, ko a salanga."

A cikin waɗanda suka kai saƙon gida akwai Balkisa, ƴar shekara goma sha bakwai, wadda ta fi kowa maki a ajin. Uwarta, Kande, tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha. Ubanta direba ne, yana cikin masu kai hatsin agaji arewa, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Gidansu a Boukoki na mutum tara ne. Tun da damina ta ƙi a bara, dangin uban suka fara sauka daga ƙauyukan wajen Filinge, wasu da akuya ɗaya, wasu da tabarma kawai. Zuwa Janairu mutum talatin da ɗaya ne a gidan, salanga kuma ɗaya. Ruwan da ƴan garuwa ke kawowa da kyar yake isa sha da girki. Ba a zancen wanke salanga. Kyankyasai suka yi yawa har da rana tsaka suna bin bango. Yara suka ƙi shiga, suna tsugunawa a bayan ɗakuna, zawo ya shiga gidan.

Balkisa ta tarar da uwarta tana goge tukunya da rairayi.

"Inna, Misye ya ce kada a haɗa jabel da asid."

"To, mi za ya faru?"

"Hayaƙi suke fitarwa mai guba. Yana ƙona huhu. A gabanmu ya kashe kyankyaso, ko minti biyu bai yi ba."

"Kyankyaso?"

"Wallahi, ƙato."

"Ya mutu murus?"

"Murus, Inna."

"Ikon Allah," in ji Kande, ta ci gaba da gugar tukunya.

Yarinyar ba ta rage komai daga saƙon ba, ba ta ƙara ba. Ranar Alhamis da hantsi, tana makaranta, Kande ta shiga salanga da kwalba biyu da tsohon kwano da tsintsiya. Salangar ɗan ɗaki ce ta laka mai rufin kwano. A tsakar gida kuwa yayyen mijinta ne zaune a inuwa, har da baffansa. Mace ba ta barin ƙofar salanga a buɗe a gaban surukai, sai ta ja ƙofar ta rufe. Da tari ya taso mata, ta danne shi don kada su ji. Ta tsaya sharar abin da ke faɗowa daga bango. Da ta fito, taku uku ta yi ta zube.

Kwana tara ta yi a asibiti, aka sallame ta don ana bukatar gadon. Ta rayu. Amma daga ɗakinta zuwa ƙofar gida sai ta zauna sau biyu, kuma ba ta iya tsayawa kusa da hayaƙin murhu. Balkisa ta ajiye littattafanta ta karɓi tukunyar shinkafa.

Asibiti ta rubuta abin da ya faru, kamar yadda doka ta ce. Takardar ta bi hannu hannu har ta isa inda kalmar guba da kalmar lise ba sa haɗuwa a shafi ɗaya a ƙyale. Shekara biyu ke nan da yajin ɗalibai, sojoji ba su manta ba. Aka kira Malam Sumana wani ofishi da mutanen Yamai ba sa son faɗin sunansa. Ya zauna a benci daga takwas na safe har la'asar. Da aka shigar da shi, wani mai kaki ya yi masa tambaya uku. Wa ya sa ka? Yana cikin tsarin karatu? Ɗalibai nawa suka iya haɗa wannan hayaƙi?

"Babu wanda ya sa ni. Ba ya ciki. Sittin da uku bana. In an haɗa da na shekarun baya, sun kusa ɗari huɗu."

Mutumin ya rubuta adadin, ya ja layi a ƙarƙashinsa.

Bayan mako ɗaya takarda ta iso makaranta. Ba gwaji, ba kwalba, ba fitar da ɗalibai waje, kuma kada ya yi magana a kan wannan batu a gaban jama'a sai da izini. Shugaban makarantar, Issoufou, wanda suka yi aji ɗaya tun suna yara, shi ya miƙa masa ita a tsaye.

"Kala suuru, Sumana," ya ce da Zabarmanci, wato sai haƙuri. "Ka yi shiru har damina. In ruwa ya sauka kowa zai manta."

Malam Sumana ya sa hannu. Ya ce a lokacin yana ganin hukuncin bai yi yawa ba. Mace ta nakasa, ɗalibarsa ta bar karatu, shi kuwa kwalba kawai aka karɓe masa.

A tsakiyar Maris ya bi ta rumfar Buba don sayen sabulu. A gaban teburin ya ga kwalabe biyu biyu, an ɗaure kowane biyu da tsinken roba.

"Wannan fa?"

"Maganinka ne mana."

"Wane magani?"

"Maganin Malamin lise. Haka mata suke tambaya. Na gaji da ɗauko wannan, ɗauko wancan, sai na ɗaure su tare."

Abin da ya faru shi ne, ranar da aka kai Kande asibiti, matan unguwa sun cika gidan don jaje. Suka leƙa salangar. Abin da aka share daga ciki ya cika tiya biyu, kuma kwana goma ba a ga kyankyaso ko ƙuda a wurin ba. Kowace ta gani da idonta. A Boukoki babu gidan da bai cika da baƙin fari ba, babu salangar da ke ganin ruwa. Labarin ya zaga. Game da Kande kuwa, aka ce ita ta yi ganganci da ta daɗe a ciki.

"Kwance su, Buba. Wannan abin yana kisa."

"In na kwance, na kusa da ni ya ɗaure. Duba can, duba can." Ya nuna rumfa biyu da leɓe. Su ma sun ɗaure nasu. "Kuma ni ban yi lakwal ba, Malam. Shekara goma sha biyar ina sayar da su, ban taɓa sanin suna yin haka ba. Kai ka koya mana."

Ranar Buba bai kira shi bawa ba, shi ma bai rama da komai ba.

Tun daga nan abu ɗaya Malam Sumana yake nema: ya tsayar da wannan magani da ke yawo da sunansa kafin ya kashe wani. Ya rubuta wa gidan rediyo wasiƙa da Faransanci, ya haɗa da fassarar Hausa da Zabarmanci don kada a sha wahala. Ba a karanta ba. Ya je wajen mai unguwa ya roƙi a tara masa mata ko na rabin awa. Mai unguwa ya ce taro sai da takarda. Ranar biyu ga Afrilu ya nemi takardar. Ya koma sau biyar, kullum ana cewa tana kan tebur. Ya roƙi Issoufou ya bar shi ya yi wa ajin magana ko ba kwalba. Issoufou ya ce akwai masu kai rahoto har cikin ɗalibai, kuma shi ma yana da iyali.

A farkon Mayu wani tela, Adamu, mai shekara sittin da ɗoriya, mai ciwon fuka, ya rasu a Boukoki. Ɗakin da yake ɗinki bango ɗaya ne da salangar maƙwabta, akwai kuma tsaga a saman bangon. Da safe aka yi maganin, kafin azahar numfashinsa ya sarƙe. Iyalinsa suka ce ajali ne, dama yana fama. Ba a kai shi asibiti ba, don haka babu takardar da ta rubuta komai. Malam Sumana ya je gaisuwar mutuwa, ya zauna a tabarma, ya dubi tsagar bangon, ya tashi ya tafi.

Ya je duba Kande sau ɗaya. Ya same ta jingine da bango, tana magana tana hutawa.

"Malam, kada ka ɗora ma kanka. Ɗiyata ta faɗa mini gaskiya. Ni dai ƙazantar ce ta ishe ni."

Balkisa ta kawo masa ruwa rabin moɗa, ta durƙusa ta ajiye. Ya ce mata ya yi magana, za a riƙe mata gurbinta har baɗi. Ba ta ɗago kai ba.

"Misye, da ka faɗa mana da baki kawai. Da ba ka nuna mana kyankyason ba."

Ta tashi ta koma wajen tukunya.

Da ya ga takardar izini ba za ta fito ba, sai ya yi nasa lissafin: mutum biyu a ƙofar gida ba taro ba ne, gaisuwa ce. Ya san in labari ya kai ofishin nan, ba za a yarda da wannan lissafi ba, kuma aikinsa ne zai tafi. Aïchatou ta gaya masa haka, ta ƙirga masa ƴaƴansa da sunayensu. Duk da haka, tun tsakiyar Mayu, kowace Asabar da yamma da kowace Lahadi yana tura mobilet ɗinsa lungu lungu a Boukoki yana sallama. Ya shiga gida arba'in da ɗaya. A wasu maigida ne yake fitowa, ya saurara, ya ce zai gaya musu. A wasu ana barinsa ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, ba kora ba ce, don ba a taɓa korarsa ba. Da zarar ya faɗi ko shi wane ne, sai fuska ta washe.

"Kai ne mai maganin? Allah ya saka da alheri! Ku kawo wa Malam tabarma."

A gida uku an ba shi goro. A cikin arba'in da ɗayan, mata huɗu ne suka ce sun daina. Biyu daga cikinsu ya sake ganin kwalaben a gindin bangonsu.

Ranar Lahadin da ta wuce ya yi sallama a gidan wata mata, Halima, mai ƴaƴa shida. Mijinta ya tafi Kwatano neman aiki, ita ke riƙe da gida mai mutum ashirin da shida. Ya tarar da kwalaben a ƙofar salanga, an riga an kwance robar. Ya yi mata bayani tun daga farko, ya gaya mata labarin Kande, ya gaya mata na tela. Ta saurare shi har ƙarshe, da goyo a bayanta.

"Na ji, Malam. Ni ba na daɗewa a ciki. Mayafi nake sa wa a hanci."

"Mayafi ba ya tare shi."

"Sau uku na yi, ga ni."

"Na huɗun ne ba ki sani ba. Yarinyar da ke bayanki ma tana shaƙa."

"Wannan yarinyar ce ta kusa tafiya da zawo watan jiya. Yayanta ya tafi." Ta gyara goyon. "Kai mai ilimi ne, Malam. Kawo mini garwa biyu ta ruwa kullum, in wanke salanga kamar mutane, wallahi in zubar da kwalaben nan a gabanka. Kana da ita?"

Ba shi da ita. A Kirkissoye ma layi matarsa take bi tun asuba.

"To ka gani," in ji Halima.

Sai ya ce a ba shi turmi. Aka mirgino masa, ya kife shi a gindin bangon salangar, ya cire takalmi ya hau. Ya sauke duwatsun da aka danne rufin da su, ya zare kwano biyu ya jingine su a ƙasa, salangar ta koma a buɗe ta sama. Daga kan turmin ya ce mata ta kwance goyon ta ba wani, ta fitar da yara da tsofaffi waje gaba ɗaya, ta faɗa wa maƙwabta su ma su fita, kada kuma kowa ya kusanci wurin sai bayan la'asar.

"Ko da haka yana iya kashe ki," ya ce. "Ban ce ki yi ba."

"Na ji, Malam. Allah ya ƙara ilimi."

Yana saka takalmi, ta riga ta leƙa ta kan katanga tana kiran maƙwabciyarta.

"Zeinabu! Zo ki gani. Malamin da kansa ya zo ya gyara mana yadda ake yi."

Malam Sumana ya karkaɗe tsatsar da ke hannunsa, ya fita, ya tura mobilet ɗinsa zuwa ƙofa ta gaba, ya yi sallama.